Babi na Bakwai: Karen Bakin Kanal

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, rani ya daina zama lokacin zaman kashe wando a ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam. Ruwa yakan baro Tiga ya biyo babban kanal, ya ratsa ta Ruwan Kanya, ya rarrabu a ƙananan magudanai har ya kai ga gonakin alkama da tumatir da albasa da shinkafa. Dukiyar da a da take kwana a rumbu sai ta koma kwana a fili: injin ban-ruwa, tiyo, buhunan shanshera da ba a kai ga kwashewa ba, kwandunan tumatir masu jiran motar Kwanar Gafan. Dukiya kuwa in za ta kwana a fili sai da mai gadi, kuma babu mai gadin da ya kai kare araha. Ba ya neman albashi, barcinsa ba nauyi, ƙanzo da sauran tuwo sun ishe shi.

Arahar nan ita ce ta cuce shi. Da an girbe, an kwashe, an rushe bukka, sai wasu su bar kare ya nemi na kansa. Akwai na mafarauta da suka ɓace ko suka ji rauni a dawa aka dawo babu su. Akwai waɗanda mota ta buge a titin Zariya suka ja ƙafa suka shige ciyawa. Akwai 'yan kwikwiyon da aka zubar don karya ta haifi fiye da yadda ake buƙata. Duk wuri ɗaya suke haɗuwa, wato inda ruwa yake. Wanda ya saba sammakon ban-ruwa ya san kamanninsu: haƙarƙari a waje, gashi ya zube, kunnuwa cike da kaska, yara na binsu da jifa.

A Landan tun 1860 aka buɗe gidan karɓar irin waɗannan karnuka, wanda yau ake kira Battersea, kuma a can akwai masu riƙon ƙwarya da ke jinyar kare a gidajensu har a sami wanda zai ɗauke shi dindindin. A Kura ko Bunkure babu inda za ka kai shi ka juyo. In ka tausaya, to kai ne masaukin, kai ne mai jinya, kai ne mai biyan kuɗin magani. Tausayi ne ke sa mutum ya tsaya, amma bin ƙa'ida ne ke sa kare ya rayu, yaran gida kuma su tsira.

Me malamai suka ce?

Tambayar farko da za a yi maka ba ta magani ba ce. Maƙwabci ne zai leƙo ta kan danga ya ce, "Haba Malam, kai da kake sahun gaba, me ya haɗa ka da kare?" Gara ka san amsar tun kafin ka ɗauko shi.

Hadisi ya yi kashedi cewa wanda ya ajiye kare ladansa na raguwa kullum, amma ya keɓe iri uku: na farauta, na kiwo, da na gona. Na gonar daga ruwayar Abu Huraira ya zo, kuma da aka gaya wa Abdullahi ɗan Umar sai ya ce ai Abu Huraira yana da gona, wato abin ya shafe shi, shi ya sa ya kiyaye. Manomin Kadawa ko Ɗanhassan da ya ɗaure kare a bakin bukkarsa yana cikin waɗanda aka yi wa izini tun farko. Ana kuma ba da labarin Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu, cewa da katangar gidansa ta faɗi a lokacin tsoro sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Imam Malik ya ƙi hakan, ya amsa da cewa da Malik ya riski wannan zamani, zaki ma zai ajiye.

Batun tsarki kuma, mazhabar Malikiyya da aka fi bi a ƙasar nan tana ganin duk mai rai mai tsarki ne, har kare da yawunsa. Wanke ƙwaryar da ya lasa sau bakwai bin umarni ne, ba don najasa ba. Shafi'iyya sun tsananta fiye da haka. Ko ma wanne mutum ya bi, ba wanda ya ce a shigar da kare ɗaki ko a ci a kwano ɗaya da shi. Wurinsa gona, ko garke, ko bayan gida.

Sai kuma labarin da kowane ɗan makarantar allo ya taɓa ji, na matafiyin da ya sauka rijiya ya sha, ya fito ya tarar da kare yana lasar danshin ƙasa don ƙishirwa, ya koma ya ciko huffinsa, ya riƙo da baki ya hau, ya shayar da shi, Allah Ya gafarta masa. Karen nan ba nasa ba ne, ba na farauta ba ne, ba ya gadin komai. Kishiyar wannan labari shi ne na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Wanda zai sa wa kare igiya ya tuna da wannan na biyun.

Cigiya da kwana goma

Karen da ka tsinta mai yiwuwa yana da mai shi. Horarren karen farauta dukiya ne, har Risala ta ce wanda ya kashe karen da aka yi izinin ajiyewa sai ya biya ƙimarsa. Don haka a sanar da mai unguwa, a aika wa shugaban mafarautan yankin, a faɗi launinsa da inda aka gan shi. Cigiyar tana kare ka daga zargin sata, wani lokaci kuma ita ce za ta kawo maka tarihinsa: an taɓa yi masa rigakafi ko ba a taɓa ba, ya taɓa cizon wani ko bai taɓa ba.

Ba a kama baƙon kare da hannu, komai laushin da ya yi. Mai ciwo ya fi saurin cizo. A fara da ruwa da ɗan abinci a ajiye nesa kaɗan. In ya saki jiki, a yi zarge a bakin doguwar sanda a sa masa. Wanda ba ya iya tashi, a lulluɓe kansa da buhu, a ɗaure bakin da tsumma mai laushi, mutum biyu su ɗora shi a baro. A ba shi inuwa da busasshiyar ƙasa, nesa da yara da awaki da sauran karnuka.

Dalilin wannan taka-tsantsan guda ɗaya ne, haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Fuska biyu gare ta a jikin kare. Ta farko kowa ya sani: yawo ba manufa, cizon duk abin da ya gifta, sauyawar murya. Ta biyun ita ce mai yaudara. Kare zai yi shiru, muƙamuƙinsa ya saki, yawu na dalala, ya kasa haɗiya. Mai tausayi sai ya ce ƙashi ne ya maƙale masa, ya zura hannu don ya ciro. Kada a kuskura.

Karen da cutar ta riga ta sauko cikin yawunsa ba ya wuce kwana 10 bai nuna alama ko ya mutu ba. Shi ya sa ake tsare shi a lura da shi tsawon wannan lokaci. Amma kwana goman nan abin da suke tabbatarwa shi ne cizon da ya yi a baya ba shi da haɗari. Ba sa tabbatar da cewa babu cutar a kwance a jikinsa, domin tana iya ɓuya na watanni. Karen da aka tsinta da raunin cizo wanda ba a san mafarinsa ba, likitan dabbobi ne zai faɗi tsawon tsarewar da ta dace da shi.

In tsautsayi ya sa ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar don allurar rigakafi. Ƙona gashin karen a shafa, ko barbaɗa garin magani, ba ya tare komai sai ɓata lokaci. Allurar ba sabuwa ba ce. Tun 1885 Louis Pasteur ya ceci wani yaro mai suna Joseph Meister da ita a Faransa. Ta karnuka kuwa a gida ma ana yin ta, a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924. Ana yi wa kare tun yana wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara.

Abin da jiki ke faɗa

Kare ba ya magana, amma dasashinsa na yi. Bayan ya saba da kai, ɗaga leɓensa na sama ka duba. Na mai lafiya ja ne mai haske, in ka danna da yatsa ya yi fari sai ya dawo nan take. In ka gan shi fari fat, jini ya ƙare. Kama fatar wuyansa ka ɗaga ka saki: in ta tsaya a tattare ba ta koma ba, ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Buɗe kunne, duba tsakanin yatsu, nan kaska ke taruwa.

A yankin ban-ruwa abu biyu ne suka fi shanye jinin kare. Na farko tsutsar hanji mai tsotson jini, wadda 'ya'yanta ke rayuwa a ƙasa mai danshi, su shiga ta baki ko ta fata. Inda ƙasa ba ta bushewa rani da damina, ita ma ba ta hutu, kuma tana iya kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki. Na biyu cututtukan da kaska ke sakawa a jini, masu kawo zazzaɓi da kasala, wani lokaci fitsari ya koma launin shayi. A nan ne ake yawan yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Maganin da makiyaya ke yi wa shanu na sammore, wanda aka fi sani da Berenil, yana aiki a kan wata daga cikin cututtukan nan, amma a jikin kare tazarar da ke tsakanin warkarwa da kisa 'yar kaɗan ce. In ya ɗan zarce sai ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ba allurar da za a karɓa daga hannun mai talla a kasuwa ba ce.

Kwikwiyon da ke amai yana zawo da jini mai wari, a yi zaton cutar fabo, wadda ta ɓulla a duniya a 1978. Ƙarin ruwa ne ke ceton sa, kuma ƙwayar cutar tana daɗewa a ƙasa, don haka kada a kawo wani kwikwiyo wurin sai wanda aka yi wa rigakafi. Ƙuraje masu ɗan rami a tsakiya, a ciki ko a cinya, galibi tsutsar ƙuda ce da ke yin ƙwai a ƙasar da fitsari ya jiƙa. A toshe ramin da man shafawa, tsutsar za ta leƙo neman iska, a matse ta fito ɗungurungum.

Baƙin mai

Kirci shi ne ciwon da ya fi sa a kori kare, alhali yana cikin masu saurin jin magani. Wani ƙwaro ne da ido ba ya gani ke kawo shi, yana haƙa rami a cikin fata. Ƙaiƙayin yakan fara daga gefen kunne da gwiwar hannu, kare ya yi ta susa har fata ta yi kauri ta tsattsage.

Na ga yadda aka yi da wata karya a wani ƙauye ta wajen Bunkure. Dattijon da ya tsince ta ya yi mata rumfar kara kusa da injinsa, yana ba ta kunu, amma kullum sai ƙara lalacewa take. Malamin dabbobin da aka kira, saurayi ne, ya durƙusa ya gaishe shi, ya shafa bayanta, ya dubi tafin hannunsa ya ga ya yi baƙi.

"Baba, me aka shafa mata?"

"Baƙin mai ne, Likita. Na injin nan. Haka muke yi wa awaki."

"Tana lasa?"

"Ba ta da aiki sai shi."

"To Baba, ba kircin ne zai kashe ta ba, man ne."

Aka ɗora ruwa ya yi ɗumi, aka wanke ta da sabulu har sau uku kafin fatar ta fito. Sai ya nemi sikelin da ake auna buhun shanshera, aka sa ta a buhu kanta a waje, aka rataya, ya karanta nauyinta, sannan ya ja maganin ivermectin daidai wannan nauyi. Ya ce a ƙone tsummokaran da take kwanciya a kai, a dawo da shi bayan mako biyu don maimaitawa, domin allurar farko ba ta kashe ƙwai. Ya kuma gaya wa dattijon kada ya tsorata in ya ji ƙaiƙayi a hannunsa, ƙwaron na kare ba ya zama a jikin mutum. Susar ce ta fara raguwa, gashi ya biyo baya. Kafin a yanke alkama, ita ce ke hana baƙo matsawa kusa da injin.

Baƙin mai ɗaya ne daga cikin gubobin da ke kewaye da karen gona. Akwai fiya-fiya da ake ɗigawa don kashe kaska. Akwai robar maganin feshi da ake yankewa a mai da ita kwanon ruwansa. Akwai shinkafar ɓera da ake zubawa a kunyoyi, kare ya ci ta ko ya ci ɓeran da ya ci ta. Wanda ya sha maganin ƙwari yakan yi dalalar yawu da karkarwa da zawo, ƙwayar idonsa ta tsuke, har a ɗauka hauka ne a rufe shi da duka, alhali akwai allurar da ke karya irin wannan guba in an yi hanzari. A tafi da robar maganin wurin likita don ya san da me yake faɗa. Magungunan ciwon jiki na mutane, irin su ibuprofen da diclofenac, suna huda cikin kare su lalata ƙodarsa. Albasa ma, da ake nomawa ko'ina a yankin, tana farfasa ƙwayoyin jininsa, ɗanya ce ko dafaffiya. Sauran miyar da ta sha albasa ba abincin mai jinya ba ne.

Ci da sha, da abin da ba ya warkewa

Karen da ya daɗe da yunwa ba a cika masa kwano rana ɗaya, cikinsa ba zai ɗauka ba. A ba shi kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a yini: kunu, dafaffiyar shinkafa, ƙwai, garin busasshen kifi, dafaffen wake. Tuwo zalla ba ya mai da tsoka. Kayan cikin da mahauta suka yar, musamman hanta ko huhu masu ƙulli cike da ruwa, kada a ba shi ɗanye. Ta nan yake ɗaukar wata 'yar tsila wadda ƙwanta ke fita a kashinsa ya koma jikin tumaki da mutane. Maganinta praziquantel, wanda mutanen bakin kanal suka sani a matsayin maganin tsargiya, amma na kare awonsa daban. A riƙa binne kashinsa, a kuma wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi.

Karya na ɗaukar ciki kimanin kwana 63, ta haifi biyar ko shida ko fiye. Wanda ba ya son ya wayi gari yana neman inda zai zubar da 'yan kwikwiyo, ya nemi a yi mata aikin hana haihuwa, namiji kuma a fiɗiye shi. Asibitin dabbobi na Gwale a cikin Kano da asibitin koyarwa na likitocin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ba su fi ƙarfin zuwa daga Kura ba.

Wani ciwon ba ya tafiya. Ƙafar da mota ta murƙushe ba ta dawowa, idon da ya tsiyaye ya tafi ke nan. Wannan ba ya hana gadi, domin da kunne da hanci kare yake aiki, kuma mai ƙafa uku yana haushi kamar kowa. Amma in baya ya karye, ko ciwo ya kai inda ba ci ba sha sai kuka, to tausayi shi ne a bar likita ya yi masa allurar da za ta raba shi da wahala. Addini ya yi umarni da kyautatawa ko a wajen kisa. Jifa da guba ba sa cikin kyautatawa.

Daga kare ɗaya zuwa gari guda

Kafin ka ɗauko shi, yi lissafi da kanka. Akwai kuɗin allura da na maganin tsutsa, akwai abinci rani da damina, akwai wanda zai kula da shi ran da ka yi tafiya. Kare na iya kai shekara goma ko fiye. Wanda ya jinyace shi don gadin tumatir, ya sake shi bayan an tashi daga lambu, tsugune ba ta ƙare ba, ya dai mai da shi inda ya ɗauko shi. In ka ga ba za ka iya riƙon dindindin ba, yi na ƙwarya: jinyace shi, yi masa rigakafi, ka nemo makiyayi ko manomin da ke buƙata, ka danƙa masa a gaban shaida tare da takardar allurarsa.

Aikin kuma ya wuce gida ɗaya. Masana sun tabbatar cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri rigakafi, aka dinga maimaitawa, haukan kare yana yankewa a wurin. Kashe karnuka barkatai bai taɓa yin wannan aiki ba, don wasu ne ke zuwa su cike gurbin. Ta hanyar rigakafin ne Meziko ta kai ga samun shaidar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 cewa ta raba mutanenta da haukan da ake ɗauka daga kare, kuma duniya ta sa wa kanta 2030 a matsayin shekarar da za a daina mutuwa da shi.

Manoman wannan yanki sun riga sun san yadda ake haɗa kai. Suna da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da ke tara kuɗi, su sa ranar yashe kanal, su raba ruwa bi da bi. Ƙungiyar da ta iya fito da mutum ɗari da shebur ranar gayya za ta iya kiran malamin dabbobi sau ɗaya a shekara, a ce kowa ya zo da karensa. Ranar 28 ga Satumba, wadda duniya ta ware don yaƙi da haukan kare, ta faɗo daidai gabanin shirin noman rani, lokacin da ake neman masu gadi. Shugaban ƙungiyar da ya sa wannan a cikin jadawalinsa ya kare yaran ƙauyensa daga cutar da ba ta da magani, da kuɗin da bai kai na buhunan taki kaɗan ba.